Tambayoyin Masu Karatu: Kwana Biyu a Buruj, Birnin Hanyoyin Ruwa na Beljiyam

Tun da muka buga hoton wata tsohuwar gada da gidajen jan bulo a bakin ruwa a bangon mujallar watan jiya, wasiƙu suka yi ta shigowa ofishinmu na Jos a kan garin da aka ɗauki hoton. Ga huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da motoci ne, nakan je Antwerp saro kaya, amma ban san komai a Beljiyam ba in ban da filin motoci da ɗakin otal. A wannan karon zan tafi da uwargida, kuma muna da rarar kwana biyu. Wani abokina ya ce kada in ɓarnatar da kuɗina a Buruj, domin babu komai a can sai tsofaffin gidaje da ruwa da Turawa masu ɗaukar hoto. Mene ne gaskiyar lamarin? (Wani Alhaji daga Rikkos, Jos)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ina kyautata zaton da hantsi ya shiga garin ya fita kafin la'asar sakaliya, wato daidai lokacin da motocin 'yan yawon buɗe ido suke juye mutane. Haka ni ma na yi a zuwana na farko, na komo ina faɗin irin maganarsa. Sai da na koma na kwana a ciki sannan na gane cewa a wancan karon ƙeyar mutane kawai na gani.

Mutanen garin suna magana da harshen Holan irin na yankin Filandas, kuma suna rubuta sunansa Brugge, wanda shi ne za ka gani a allon tashar jirgin ƙasa. Masu jin Faransanci suna rubuta Bruges, su furta shi kusa da Buruj, lafazin da Bahaushe ya riga ya saba da shi tun yana makarantar allo a sunan Suratul Buruj, kalmar Larabci da cikin ma'anoninta akwai hasumiyoyi. Babu dangantaka tsakanin kalmomin biyu, ko da yake wanda ya hango hasumiyoyin garin daga tagar jirgi zai ce sunan ya dace.

Tun da kai ɗan kasuwa ne, labarin garin naka ne. Buruj ba a bakin teku take ba, akwai tazarar kilomita kusan 15 a tsakaninsu. A shekarar 1134 wata gagarumar guguwa ta tsaga gaɓar tekun, ta buɗe wani mashigin ruwa da ake kira Zwin, wanda ya ba manyan jirage damar zuwa har garin Damme, inda ake sauke kaya a zuba a ƙananan kwalekwale su shiga cikin birni. Hanyoyin ruwan da ake ɗaukar hotonsu a yau ba don ado aka haƙa su ba, su ne titunan dakon kaya na wancan zamani. Gashin tumaki yana zuwa daga Ingila, masaƙan Filandas su mayar da shi tufafi masu tsada, fatake kuma su zo saye daga ko'ina. Jiragen Genoa ta Italiya sun fara isowa a 1277, na Benis suka biyo baya a 1314, fataken biranen Jamus kuwa har zangonsu na dindindin suka kafa. Akwai wani gida na zuri'ar Van der Beurze, waɗanda sana'arsu ita ce wadda mu muke kira fatoma: su sauki baƙo, su adana masa kaya, su haɗa shi da mai saye, su tsaya masa a kan bashi. A filin ƙofar gidansu ake haɗuwa a yi canjin kuɗi da cinikin takardun bashi, kuma daga sunansu ne Faransawa da Jamusawa suka samo kalmar da suke kiran kasuwar hannun jari da ita har yau. Lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yake kafa Kasuwar Kurmi, Buruj tana cin ƙarshen ganiyarta.

Abu biyu ne suka karya ta. Na farko yashi da laka, waɗanda suka yi ta cike mashigin Zwin sannu a hankali har manyan jirage suka kasa shiga. Na biyu siyasa. Sarauniyar ƙasar, Maryamu ta Burgundy, ta faɗo daga kan doki a wajen farauta ta rasu a 1482, mutanen garin suka ƙi jinin mijinta Maximilian, har suka tsare shi na wasu watanni a 1488. Shi kuma ya umarci fataken ƙasashen waje da su tattara su koma Antwerp. Saboda haka, Alhaji, kasuwar da kake ci a Antwerp gadon Buruj ce.

Daga nan garin ya yi barcin kusan shekara 400. Masana'antun zamani suka tsallake shi, a tsakiyar ƙarni na 19 yana cikin garuruwa mafi talauci a Beljiyam, kuma da yake babu mai kuɗin rushe tsohon gida ya ɗora sabo, tituna da gadoji da coci-coci suka zauna inda suke. Yaƙe-yaƙen duniya biyu ma ba su yi masa wata ɓarna mai yawa ba. Kai mutumin Jos ne, ba sai na fassara maka gobarar Titi ba. Talaucin da ya hana su gini shi ne ya zama jarinsu, har hukumar UNESCO ta sanya tsakiyar birnin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. A yau baƙin da suke zuwa a shekara sun kai wajen miliyan 8, alhali mazauna cikin tsohon birnin ba su wuce kimanin 20,000 ba. Wannan lissafi shi ne abin da abokinka ya tarar.

Shawarata ita ce ku isa da yamma, ku kwana a cikin gari. Daga Antwerp jirgin ƙasa yana ɗaukar kimanin awa ɗaya da rabi ta hanyar Gent, daga Burasel kuwa kimanin awa ɗaya. Daga tasha zuwa babban filin kasuwa da ake kira Markt tafiyar minti 20 ce a ƙafa, amma titunan an daɓe su ne da ƙananan duwatsu, kuma a kansu ne tayar akwatina ta fita, na ƙarasa otal ina rungume da shi kamar mai ɗauke da ragon suna. Ku bar manyan akwatuna a Antwerp, ku ɗauki ƙaramar jaka, Hajiya kuma ta ajiye takalmi mai tsini.

Idan kuka yi sallar asuba, kada ku koma barci. Ku fita zuwa kusurwar da ake kira Rozenhoedkaai, inda aka ɗauki hoton bangon mujallarmu. Da rana sai an yi layi kafin a samu wurin tsayawa a bakin katangar, amma ni da na je da sassafe babu kowa sai wani dattijo a kan keke da burodi a kwandonsa, ruwan a kwance kamar an shimfiɗa madubi, gidajen da hasumiya suna ciki a kife, sai ƙararrawa ta buga daga sama ta cika garin. Wannan sa'a guda ita ce kuɗin otal ɗinku.

Hasumiyar ita ce Belfort, tsawonta mita 83, kuma sai an taka matakala 366 kafin a kai ƙololuwarta. A cikinta ake ajiye baitulmalin gari da takardun 'yancinsa, ƙararrawarta kuma ita ce take sanar da lokacin aiki da tashin gobara. A yanzu tana da ƙararrawa 47 da ake kaɗa su da waƙe. Matakalar tana ƙara tsukewa yayin da ake hawa, har a kai inda mutum zai riƙe igiya ya manne da bango kafin mai saukowa ya wuce, saboda haka wanda yake fama da ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura, babu abin kunya a ciki. Kwalekwalen yawo kuwa kada ku bari ya wuce ku. Minti 30 ne, daga watan Maris zuwa tsakiyar Nuwamba, kuma daga cikinsa ne ake ganin ƙofofin bayan gida da suke buɗewa kai tsaye a kan ruwa, inda a da ake sauke kaya. Akwai gadar da sai kowa ya sunkuyar da kai, ka kula da hularka. Keken dokin da yake tsaye a Markt ban ga abin da zai burge wanda ya taɓa kallon hawan sallah a cikinsa ba.

Idan rana ta yi, cunkoso ya fara, ku nufi gabashin gari wajen ƙofar Kruispoort, ɗaya daga cikin ƙofofi huɗu da suka rage, inda tsofaffin injinan niƙa masu aiki da iska guda huɗu suke jere a kan tudun tsohuwar ganuwa. A can mutanen garin suke zaune, kuma a can shayi ya fi araha.

Tambaya: Malam, 'yata tana karatu a Beljiyam, kuma ta ce idan na je bikin kammala karatunta za ta kai ni wannan gari. Damuwata ita ce abinci da sallah da sutura, sannan na ji an ce garin ya yi suna da leshi. Zan iya saro na biki a can? (Wata Hajiya daga Gwarimpa, Abuja)

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun, ya nuna miki ranar lafiya. In fara da leshi, domin kada ki tafi da buri ki dawo da takaici. Leshin Buruj aikin hannu ne da ake saƙawa a kan ɗan matashi, da allurai da ƙananan sanduna masu ɗauke da zare, kuma ɗan yanki kamar tafin hannu yakan ci kwanaki. Ana yin adon tebur da na wuyan riga da shi, ba yadi biyar na ɗinkin biki ba. Yawancin masu arahar da suke rataye a shaguna na inji ne. Ki je cibiyar Kantcentrum ki ga yadda hannun matan yake wasa da sandunan, ki sayi ƙarami na tsaraba, na biki kuma ki bar wa Kasuwar Wuse.

A wajen abinci, naman alade ne kowa yake tsoro, amma shi gane shi ba wuya, an rubuta shi a takardar abinci. Abin da yake shammatar mutum shi ne giya, domin Beljiyam ƙasar giya ce, har akwai wani kamfani a tsakiyar Buruj da ya binne bututu mai tsawon kilomita 3 a ƙarƙashin gari a 2016 don tura giyarsa zuwa inda ake ɗura ta a kwalba. Fitaccen farfesun naman shanunsu da ake kira stoofvlees da giya ake dafa shi. Abincin tekun nan mai baƙin ɓawo da ake kawowa a tukunya sau da yawa da giyar inabi ake turara shi. Cakulan ɗinsu, wanda babu shakka ya cancanci sunan da ya yi, wasu ƙwayoyin nasa akwai barasa a cikinsu, saboda haka ki sa 'yarki ta tambayi mai shago kafin a cika kwali, ba sa jin haushin tambayar. Soyayyen dankalin Turawa, wanda shi ne abin alfaharinsu har suka gina masa gidan tarihi a garin, a al'adance da kitsen shanu ake soya shi, ko da yake wasu sun koma man girki. A tambaya. Ni dai da na ci, na yaba suyar, amma dankalin bai fi na Bokkos ba. Kifi, ƙwai, burodi da kayan lambu suna ko'ina, akwai kuma shagunan Turkawa da Larabawa masu sayar da naman halal, sai dai sun fi yawa a Burasel da Gent da Antwerp. Haka masallatai ma, saboda haka idan ana son Juma'a a tsara ta riski mutum a ɗaya daga cikin waɗannan biranen.

Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba kamar yadda muka saba a nan ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, ta fito wajen 5 da rabi na safe, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 na yamma magariba ta yi. Ki tambayi malaminki hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ki tashi. Ki riƙa yawo da ƙaramar gorar ruwa a jaka, domin babu buta a banɗakunansu, kuma yawancinsu sai an biya.

Hijabi da mayafi babu mai hana ki, Beljiyam ta amince da Musulunci a hukumance tun 1974, amma dokar 2011 ta haramta rufe fuska a bainar jama'a, saboda haka banda niƙabi. Akwai kuma wuri ɗaya da nake so 'yarki ta kai ki, wato Begijnhof, wanda aka kafa a 1245. Unguwa ce mai katanga da fararen gidaje, wadda mata marasa aure da zawarawa suka zauna a cikinta suna ibada suna ciyar da kansu da aikin hannunsu. Har yau ana roƙon mai shiga ya yi shiru. A tafkin da yake gefensa za ki ga waɗansu fararen tsuntsaye masu dogon wuya, dangin dinya, waɗanda hukumar garin ce take kiwonsu.

Tambaya: Wace biza ake buƙata, kuma wane wata ya fi dacewa? (Wani ma'aikacin gwamnati daga Kubwa, Abuja)

Amsa: Malam, bizar Shengen ce, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai da dama har da Beljiyam, ta ɗan gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90 a cikin kwana 180. Ana nemanta ne daga ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, kuma Beljiyam tana da ofishin jakadanci a Abuja. Kuɗin babban mutum Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayar da shi idan an hana. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfo wanda zai ƙara wata uku bayan ranar dawowa, da shaidar masauki da ta aiki da bayanan asusun banki. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma gara a yi da wuri. Duk wanda ya ce maka yana da hanya, ka riƙe kuɗinka.

Watannin Afrilu, Mayu da Satumba sun fi mini, domin Yuli da Agusta su ne ƙololuwar cunkoso da tsada. Ruwan sama ba shi da lokaci a can, ka tafi da lema. Sanyin Disamba da Janairu kuwa ko mu da muke taƙama da hunturun Jos sai mun sara masa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun zanen gine-gine. Malaminmu ya ce da yawan abin da ake nuna wa baƙi a Buruj ba tsoho ba ne. Idan haka ne, ashe ba yaudara ba ce? (Wata ɗaliba daga Unguwar Rogo, Jos)

Amsa: 'Yata, malaminku ya san abin da yake faɗa. Tsarin titunan da hanyoyin ruwan na asali ne, haka ma manyan gine-gine. An fara gina zauren majalisar gari a 1376. Asibitin Sint-Jan, wanda yanzu gidan tarihi ne mai ɗauke da zane-zanen Hans Memling, ya faro tun ƙarni na 12. Cocin Onze-Lieve-Vrouw tana da hasumiyar bulo mai tsawon fiye da mita 115, kuma a cikinta akwai sassaƙen farin dutse na Michelangelo, wanda aka kawo daga Italiya tun yana raye. Amma katafaren ginin gwamnatin lardi da yake fuskantar filin Markt, wanda baƙi suke ɗauka ya shekara 600, a 1887 aka fara shi. Gadar Bonifacius, wadda masoya suke rububin ɗaukar hoto a kanta saboda tsufanta, a farkon ƙarni na 20 aka gina ta. A ƙarshen ƙarni na 19 masu zanen gini irin su Louis Delacenserie sun gyara fuskokin gidaje da yawa, wani lokaci ma suka mayar da su tsofaffi fiye da yadda suka taɓa kasancewa.

Ni ban kira wannan yaudara ba, matuƙar ba a ɓoye shekarun ba, kuma ba a ɓoye su. Abin da ya faru shi ne, lokacin da kuɗi ya fara dawowa garin, mutanensa sun zaɓi su yi sabon gini da yaren tsohon, kuma har yau mai gida ba ya sauya fuskar gidansa sai da izinin hukuma. Talauci ya tsare garin shekara 400, amma daga nan doka da gyara ne suka karɓe shi, kuma a nan ne nake ganin tambayarki ta shafe mu. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, ta girmi yawancin abin da yake tsaye a Buruj, amma wanda ya bi ta gefenta a yau ya san abin da ya rage. Mukan ce laifin ƙasa ce, ba ta jure damina kamar gasasshen bulo, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke fita aikin gayya su yi mata yaɓe. Aikin gayyar ne ya mutu kafin ganuwar.

Kafin ki samu biza, ki shiga harabar gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, ki je sashen gine-ginen gargajiya inda Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya jagoranci gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya da cikakken girmansu. Su ma ba na asali ba ne, amma ki auna kaurin bangon da hannunki, ki duba inda ruwa ya fara ci. Idan kuma Allah ya kai ki Buruj, hoton gada kowa yana da shi. Ni abin da na tsaya kallo na kusan rabin awa shi ne wasu ma'aikata biyu a durƙushe a wani lungu bayan filin Burg, sun tone duwatsun titin sun tara gefe guda, suna baza yashi, suna mayar da su ɗaya bayan ɗaya da guduma, kowane dutse sai an juya shi an duba fuskar da za ta kalli sama. Ki ɗauko mana hoton irin wannan, za mu buga shi a wannan fili.